Kada a Sare Angalar Maƙabartar Zangon Ruwa Biyu

Zuwa ga Mai Girma Sarkin Zangon Ruwa Biyu, Alhaji Ɗanlami, tare da dattawan kwamitin masallaci da maƙabarta.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, da salati ga fiyayyen halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ina miƙa gaisuwa mai yawa gare ka da iyalinka da dukkan jama'ar zango, manya da ƙanana. Ina fatan jagoranci yana zuwa maka da sauƙi, ina kuma roƙon Allah ya ƙara maka haƙuri da jama'a, domin na san mutanenmu, na kuma san nauyin da ka ɗauka.

Ni ne Malam Isiyaku na Yawuri, wanda ya yi na'ibin liman a masallacinku shekaru masu yawa kafin Allah ya kawo ni Riyad. Matasan yanzu ba su san ni ba. Kai ka san ni, domin ni da mahaifinka, marigayi Alhaji Shehu, a jirgin ruwa ɗaya muka sauko daga Arewa, kuma ni na raɗa maka suna. Saboda haka idan na kira ka ɗana a cikin wannan takarda, ba raina sarauta na yi ba, tsohon bakina ne ya saba.

Sau biyu na rubuto maka a asirce, ɗaya a Rajab, ɗaya a Sha'aban, ta hannun Musa direba da ya je hutu. Ya tabbatar mini ya danƙa a hannunka. Amsa ba ta zo ba. Ban ɗauka ka ƙi ni ba ne, na fi zaton takardun sun shige ƙarƙashin wasu. Amma lokaci yana tafiya, ni kuma ba ni da ikon zuwa. Iƙamata, wato takardar izinin zama a ƙasar nan, tana hannun kafili, uban gidana, wajen sabuntawa, sai ta fito zan iya neman izinin fita da dawowa, gwiwata ta dama kuma ta daina yarda da doguwar tafiya. Shi ya sa na mai da maganar a fili, don a karanta ta a gaban jama'a, kowa ya ji hujjata, ya kuma ji laifina.

Ga abin da ya tayar mini da hankali. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci muna zaune a Batha inda 'yan gida ke haɗuwa, Musa ya nuna mini hoton bidiyo a wayarsa. Na gan ka tsaye a gefen maƙabarta ta ɓangaren ruwa, kai da 'yan kwamiti, kana nuna itatuwan nan da mutanen ƙasar ke kira angala, masu saiwa a waje kamar ƙafafu. Na ji kana bayani cewa maƙabarta ta cika, za a sare itatuwan bayan Babbar Salla, a cike taɓon da yashi, a ja katangar siminti miƙaƙƙiya, a sami filin sababbin kaburbura. Jama'a suka yi kabbara. Ni ma da ban san abin da na sani ba, da na yi kabbara tare da su, domin niyyar kyakkyawa ce. Sai dai na lura da inuwarku a hoton. Gajera ce, hantsi ya ɗaga. Na tambayi Musa ranar da aka ɗauka, muka lissafa, sai ta faɗa sha biyar ga wata. Nan na gane abin da ya faru: kun je kun auna fili a sa'ar da ruwa ya fi kowane lokaci janyewa, kuka ga taɓo shimfiɗe har nesa, kuka ɗauka ƙasa ce da aka bari a banza.

Ka ba ni dama in jera maganata.

Na farko, game da halin ruwan. Mu mutanen kogi ne, kuma wannan ne ya cuce mu. Kogin da muka taso a bakinsa fuska ɗaya yake bi, sau ɗaya yake cika a shekara, idan ya janye ya bar maka fadama ka shuka. Da wannan ilimi muka sauka a bakin teku, muna ganin babu wanda zai koya mana ruwa. Ranar farko na ɗaure jirginmu da gajeriyar igiya a gindin turke, muka shiga gari neman masauki. Da muka dawo da la'asar, ruwa ya ciko, igiya ta riƙe hancin jirgin a ƙasa, buhunan albasarmu suna yawo. Mahaifinka ya tsaya yana kallon kogi yana gudu zuwa tudu, ya ce, "Isiyaku, ko dai mun yi wani zunubi a hanya ne?" Matan da ke tsintar dodon koɗi a gaɓa suka yi ta dariya har da riƙe ciki.

A wurinku ruwa biyu ne ke aiki. Na kogi yana saukowa da laka daga Arewa, na teku yana turo shi baya sau biyu a yini da dare. Inda suka haɗu ruwan ya zama zartsi, lakar da ke cikinsa sai ta dunƙule ta yi nauyi. Idan cikowa ta kai iyaka, ruwan yakan tsaya cak na ɗan lokaci, kamar mai jan numfashi, a wannan tsayuwar ce laka ke sauka ƙasa. Sannan janyewa ta zo da ƙarfi ta kwashe duk abin da ba shi da mariƙi. Kuma abin yana bin wata, irin lissafin da muke yi na azumi da salla. Farkon wata da tsakiyarsa ruwa ya fi cika, ya fi janyewa. Wajen bakwai da takwas ga wata, da ashirin da biyu zuwa da uku, sai ya yi sanyi. Har yau idan na fito sallar magariba a unguwarmu ta Aziziya na ga wata ya cika, na san a can gida ruwa yana lasar gindin maƙabarta. Filin da kuka auna da hantsi, ku koma ranar da la'asar sakaliya, mutum zai nutse a cikinsa har ƙirji.

Na biyu, game da laifina. Wannan ne ban taɓa faɗa a bainar jama'a ba. Kun san mashigar nan da ke kudu da masallaci, inda jirage ke tsayawa, wadda kuke kira Kwatar Malam. Na ji an ce matasa suna zaton don girmamawa aka sa mata sunana. Ba haka ba ne. Da can wurin tudu ne, a kansa zauren karatuna yake, gabansa kuma angala ce cunkus. Ni na ga masallata suna shan wahalar kaiwa ga ruwa don alwala, suna ratsa saiwoyi suna ɓata tufafi. Na tara mutane muka sare faɗin taki ashirin, muka share tas, na ji daɗi a raina cewa na yi sadaka mai gudana.

Muna cikin sara wani tsoho masunci daga mutanen ƙasar, Baba Tamuno, ya tsayar da kwalekwalensa. Yana jin Hausa kaɗan-kaɗan. Ya ce mini, "Malam, itacen nan shi ke riƙe gidanka. Ka bar shi." Na yi masa godiya da ladabi, amma a zuciyata na ce wannan maganar masu camfi ce, suna ganin akwai wani abu a cikin itace. Har na yi wa mutanena nasiha a kan kada mu bari al'adun wasu su shiga mana aƙida. Allah ya gafarta mini. Mutumin yana gaya mini abin da idonsa ya gani shekara saba'in, ni kuma na ji shi da kunnen wanda ya riga ya yanke hukunci.

Damina ta farko ba abin da ya faru. Ta biyu ma haka. Nakan wuce shi yana gyaran koma in ce, "Baba, gidana dai yana nan." Shi kuma ya ce, "Saiwa ba ta gama ruɓewa ba." A ƙarshen damina ta uku, lokacin da ruwan Arewa ya sauko ya haɗu da cikowar tsakiyar wata, gaɓar ta fara zubewa gutsure-gutsure. Cikin kwana huɗu bangon zauren na gabas ya tsage. Ni da mahaifinka muka kwashe littattafai a ka, ruwa yana dukan ƙwaurinmu. Kafin shekara ta zagayo, inda nake zama in karantar ya zama wurin da jirgi ke juyawa. Wannan ita ce Kwatar Malam.

Ka lura da wannan, ɗana, domin a nan haɗarin yake. Ɓarnar ba ta zuwa a shekarar da aka yi sara. Tana jira sai an manta, sai an yi walimar buɗe katanga an yi addu'a an watse. Idan ta zo, ba wanda zai tuna da gatari, sai a ce ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, mun yi imani da ita, mai daɗi da marar daɗi. Amma an umarce mu da riƙo da sababi, kuma wanda aka gargaɗa ya ƙi ji ba ya da bakin da zai jingina wa ƙaddara sakacinsa.

Na uku, abin da tsohon ya koya mini bayan na je na ba shi haƙuri. Bai yi mini gori ba. Dariya ya yi, ya ce, "Kai ka karanta littafi, ni na karanta taɓo. Zo in ba ka naka darasin." Ya sa na kawo faranti biyu na tangaran daga ɗakin matata. Ɗaya muka ajiye a tsakiyar saiwoyin angala, ɗaya a filin da na share, kowanne muka danne shi da turke. Bayan wata guda muka koma. Na cikin saiwoyi sai da muka tona, laka ta rufe shi da kaurin yatsa. Na fili kuwa yana rataye a jikin turke, ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta tafi. Ruwa ɗaya, wata ɗaya, tsakaninsu bai fi taki talatin ba. Saiwoyin suna karya ƙarfin ruwa, sai ya sauke kayansa a wurin. Inda babu su, ya ɗauka ya wuce. Ashe itatuwan da kuke gani kamar ƙazanta su ne ke ƙara wa maƙabarta ƙasa kowace rana, ba tare da an biya su ba.

Na huɗu, game da katanga. Ban yi karatun injiniya ba, aikina a nan gadin rumbun albasa ne a kasuwar Aziziya, da karantar da 'yan uwa idan an tashi. Amma na ga katanga biyu a bakin wannan kogi kafin in taho, ta wani mai injin niƙa da ta wani ɗan kasuwar katako, kuma na ga ƙarshensu. Igiyar ruwa, musamman wadda jirage masu inji ke tayarwa, idan ta daki siminti ba ta mutuwa kamar yadda take mutuwa a cikin saiwoyi. Komawa take yi ƙasa ta ƙwaƙule gindin. Janyewa kuma ta zuƙe yashin da aka cika ta ƙarƙashi da ta gefe. Wata rana sai a ga katanga ta sunkuya. Injin niƙa ana iya sauya masa wuri. Ku kuwa abin da za ku jera a bayan taku katangar bayin Allah ne. Kuma ko katangar ta tsaya, kabarin da aka haƙa a yashin ciko a wannan wuri zai riƙa tsattsafo da ruwa daga ƙasa duk lokacin cikowa. Mahaƙan kabarinmu na da sun sani, shi ya sa suke duban wata kafin su zaɓi gefen da za su haƙa. Ku tambayi Malam Audu mai haƙa idan yana raye, zai gaya muku.

Na biyar, ba zan ɓoye muku ba, ina da rabo a cikin wannan magana. Matata Rabi tana kwance a sahun farko ta ɓangaren ruwa. Shekara talatin da ɗaya muka yi tare. Ita ce ta ba da farantan nan biyu daga cikin kayan aurenta, tana cewa idan taɓo ya cinye su in san inda zan samo wasu. Ta rasu a lokacin da maƙabarta ta riga ta matso gaɓa, aka sa ta inda aka samu. Tsakaninta da itatuwan farko taki bakwai ne, ni na auna da ƙafata ranar da zan taho. A sahunta akwai Liman Abdu wanda ya karantar da mu duka, da jarirai da yawa waɗanda iyayensu suka koma Arewa suka bar su amana. Idan wani ya ce Malam Isiyaku don matarsa yake magana, ya faɗi gaskiya. Amma ruwan da zai taɓa sahun farko ba zai tsaya a nan ba, kuma mahaifinka yana sahu na huɗu.

Ban jahilci uzurinku ba. Maƙabarta ta cika, mutuwa kuma ba ta jira. Na ji kuma ana kukan shara da ke maƙalewa a saiwoyi, da sauro, da wasu da ke fakewa a ciki suna abin da bai dace ba. Duk gaskiya ne, kuma shugaban da ya ga haka ya tashi neman mafita ya cancanci yabo. Na san ka tun kana ƙarami ba ka iya ganin abu a karkace ka wuce. Halin mahaifinka ne, kuma ina son ka saboda shi. Abin da nake roƙo shi ne kada gyaran ya zama irin nawa.

Ga buƙatuna, ina miƙa su da girmamawa.

Ɗaya, a dakatar da sara har sai kwamiti ya koma wurin sau biyu a rana ɗaya, ranar sha biyar ko sha shida ga wata, da hantsi da kuma bayan la'asar. Ku je da mutanen da suka yi kabbara, su gani da idonsu.

Biyu, ku yi gwajin faranti. Ba ya cin komai sai wata guda. Ɗaya a cikin angala, ɗaya a Kwatar Malam. Abin da kuka tarar, ku yi hukunci da shi, ko da ya saɓa wa maganata.

Uku, ku nemi shawarar mutanen ƙasar kafin ku nemi ta mai siminti. Baba Tamuno ya daɗe da rasuwa, amma 'yarsa Boma tana sayar da busasshen kifi a bakin kasuwa, kuma 'ya'yanta masunta ne. Ku je musu da ladabi a matsayin maƙwabta, haƙƙin maƙwabtaka bai tsaya ga Musulmi kaɗai ba. Idan kuma za a kawo masani daga hukuma, a kawo wanda ya san ruwan teku, a kuma bar shi ya yini a wurin, kada a zagaya da shi da hantsi a mai da shi mota.

Huɗu, shara a kwashe ta, rassan da suka yi duhu a rage su daga sama, a bar saiwa. Filin sababbin kaburbura kuma a neme shi ta tudu, bayan tsohuwar rijiya, ko da za a sha doguwar magana da masu wurin. Wahalar zama da mutane ta fi sauƙi a kan abin da nake jin tsoro.

Ta biyar ita ce mai nauyi, na daɗe ina juya ta kafin in rubuta. Idan bayan duk wannan jama'a suka ga sai an sare, ni mutum ɗaya ne, ba zan raba kan zango ba, ba kuma zan riƙe ka a zuciya ba. Amma malaman mazhabarmu sun yi magana a kan wannan mas'ala da sunanta: idan aka ji tsoron ruwa zai ci kabari, ya halatta a ɗauke mamaci zuwa wuri mai aminci, da sharaɗin a kiyaye alfarmarsa. To, kafin gatari ya taɓa itace na farko, a ɗauke sahun farko gaba ɗaya zuwa tudu. A yi shi ranar bakwai ko takwas ga wata, lokacin da ruwa ba ya da ƙarfi, ƙasa ba ta tsattsafo da ruwa. A kafa labule, a rage mutane, a sa masu tsoron Allah. Game da Rabi, ni ne mijinta, ba ta da wani namiji a zango, na ba da izini a rubuce a nan. Kai na wakilta, Ɗanlami, ba kwamiti ba. Ka tsaya a kanta da kanka har a mai da ƙasa. Ta goya ka lokacin da mahaifiyarka ke jinya, ba za ta ji kunyarka ba.

Ni ban roƙa wa kaina wuri a wurinku ba. Na raka 'yan uwa da yawa zuwa Al-Ud da sauran maƙabartun garin nan, ƙasa busasshiya wadda ba ta san cikowa ba, kuma bisa ga dukkan alamu a irinta za a sa ni. Na yarda da hakan, ƙasa duk ta Allah ce, kuma tashi ɗaya za a yi. Rabi ce dai na bari a bakin ruwa, na taho ina cewa shekara biyu zan yi in koma.

Allah ya yi maka jagora, ya nuna maka gaskiya ya ba ka ikon bin ta, ya kare ka daga shawarar gaggawa, tawa da ta wanina. Allah ya albarkaci zuriyarka, ya zaunar da zango lafiya da maƙwabtansa. Allah ya jiƙan Alhaji Shehu da Liman Abdu da Rabi da dukkan waɗanda ke kwance a wannan gaɓa, ya sanyaya makwancinsu, ya sa mu cika da imani idan tamu ta zo.

Ina jiran amsarka, ko da layi biyu ne, ta hannun Musa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Naka, mahaifinka a zumunci,
Malam Isiyaku na Yawuri,
Aziziya, Riyad.